Wai da gaske jariri yana da kitsen da ke ɗumama shi? Kuma meye haɗinsa da gudda?

Maijego_Ɗa'ifa ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu ilimin lafiya a cikinku ku taimaka min da bayani. Yau kwanana tara da sauka, namiji, shekaranjiya aka yi suna alhamdulillah. Yaron bai cika wata tara ba, a sati 36 ya zo, nauyinsa kilo 2.3, amma ba a sa shi a kwalba ba tunda yana numfashi da kansa yana kama nono.

To abinda ya faru shine ranar da na haihu nas ɗin ta ƙi yi masa wanka sam, goge shi kawai ta yi da tawul ta ɗora min shi a ƙirji ba riga, ta sa masa hula ta lulluɓe mu tare. Mama ta hauro daga Makka tun ina naƙuda, wlh ranta ya ɓaci sosai, tace ita bata taɓa ganin inda yaro zai kwana da ƙarnin haihuwa a jikinsa ba, mu bakwai ta haifa kowa a ranar ungozoma ta wanke shi tas. Washegari likitar yara ta zo na tambaye ta, sai tace min jariri baya iya rawar sanyi kamar mu, wai akwai wani kitse a bayansa tsakanin kafaɗu, da larabci tace duhun bunniyya, shi ne yake ƙonewa ya ɗumama shi, kuma in ana barinsa a sanyi kitsen zai ƙare kuma nauyinsa ba zai hau ba. Tana sauri ne ban samu na ƙara tambaya ba.

Abinda ya tsaya min a rai, da ta duba fayil ɗina ta ga ina shan maganin gudda, wato tayirod da ke gaban wuya, sai tace in tabbatar na karɓi sakamakon jinin da aka ɗiba a dunduniyarsa, saboda gudda tana da hannu a aikin wannan kitsen. Ni shekara uku kenan ina da abinda suke kira kasal gudda, wato tayirod ɗina baya aiki yadda ya kamata, kuma kafin a gano ni kaɗai nake sa suwaita a gidan biki in an kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙafafuna kamar ƙanƙara kullum. Yanzu ga mu a Ɗa'ifa cikin marba'aniyya, kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi, duk wanda ya san garin nan ya san yadda dare yake, da asuba ko tayil baka iya takawa ba silifa.

Shine nake ta tunani tun jiya ban yi barci ba, shin kitsen nan gaskiya ne, ya yake aiki, kuma ko na shafa wa yarona ciwona ne shi ma ba zai iya ɗumama kansa ba? Sannan Mama tana so a dinga masa wanka safe da yamma kamar yadda aka saba, ni kuma tsoro nake ji amma bana son in ɓata mata rai, ita ke tashi da shi da dare ma.

Anti_Nas_Madina ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da sauka, Allah ya raya shi cikin musulunci. Kwantar da hankalinki, abinda likitar ta faɗa miki gaskiya ne, ni ɗakin jarirai nake aiki kuma kusan kullum sai na yi wa wata kaka wannan bayanin.

Kitse iri biyu ne a jiki. Akwai fari, wanda kowa ya sani, na tumbi da cinya, shi rumbu ne, ajiya kawai yake yi. Akwai kuma mai ruwan ƙasa, shi wannan murhu ne, ba ajiya aka yi shi dominta ba, ƙonewa yake ya fito da zafi. A jariri yana nan tsakanin allon kafaɗu biyu, da wuya, da hammata, da kewayen ƙoda, ana ƙiyasta shi kamar kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na nauyin yaro. Kuma a watannin ƙarshe na ciki yake taruwa sosai, shi yasa wanda ya zo da wuri irin naki guzurinsa bai kai na wanda ya cika wata tara ba.

Ki duba yanayin da yaro yake fitowa, daga ciki mai ɗumin digiri 37 zuwa ɗaki mai 24 ko 25, jiƙe sharkaf, kansa babba, fatarsa siririya, tsokarsa kuma bata yi ƙwarin da zai yi makyarkyata ba. Fatarsa na jin sanyin nan sai saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta aiko ta jijiyoyi kai tsaye zuwa cikin kitsen, jijiyoyin su saki wani sinadari noradiranalin, nan take kitsen ya kama ci. Jinin da ya ratsa ta wajen sai ya ɗauki ɗumin ya raba wa zuciya da ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ikon Allah kenan.

Amma murhu ba ya ci a banza, nan ne damuwarmu take. Yana cin kitsen, yana cin sukarin jini, yana cin iskar da yaron ke shaƙa. Na sha gani da idona, a kawo yaro daga gida an masa wanka an bar shi ana neman kaya ana neman hoda, jikinsa yayi sanyi, ya daina kama nono, barci kawai yake kamar mai haƙuri, in an auna sukarinsa ya faɗi ƙasa. Uwar tana cewa ai yaron nan baya kuka, alhali ƙarfin kukan ne babu. Kuma nonon da ya kamata ya zama tsoka ya tafi wajen hura wuta, sai a ga sati ya wuce sikeli bai motsa ba. Hukumar lafiya ta duniya WHO ta ce zafin jikin jariri ya zauna tsakanin 36.5 da 37.5, in ya sauka ƙasa da 36.5 sanyi ya fara kama shi, ƙasa da 32 kuwa ya yi tsanani. Su ne kuma suka ce a jinkirta wankan farko zuwa awa 24, in ba hali sam to aƙalla awa 6. Ɗora shi a ƙirji da aka miki kuwa, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a matsayin magani a 1978 lokacin da kwalabe suka yi musu kaɗan, yanzu duk duniya ana yi, kuma har gida ki ci gaba da yi, babansa ma zai iya.

Batun gudda, e tana da hannu. Yaro yana fitowa, cikin rabin awa na farko sinadarin TSH, mai ba tayirod umarnin aiki, yake tashi sama sosai a jininsa, sanyin da ya ji na daga cikin abinda ke tada shi, sai tayirod ɗinsa ya zubo da nasa homon ɗin, wato sinadarin da yake aikawa cikin jini, wannan ne yake taimakawa murhun ya kama da kyau. Saboda wannan tashin ne ma ba a son ɗibar jinin dunduniya a awannin farko, sai an kwana ɗaya zuwa uku. Amma ki cire wa ranki cewa kin shafa masa. Jariran da ake haifa da raunin tayirod, kamar 1 cikin 2,000 zuwa 4,000, yawancinsu ita guddar ce bata ginu daidai ba tun a ciki, ba daga irin ciwon uwa ba ne. Duk yaro ake wa gwajin, ba naki kaɗai ba. Ki dai je ki karɓi sakamakon kar ki ce tunda ba a kira ba shikenan, don in akwai matsala a satin farko zuwa na biyu ake son fara magani, kuma yaran da aka fara wa da wuri suna tashi lafiya lau.

Wanka kuma ni a ganina sau biyu a rana yayi wa ɗan kilo 2.3 yawa a sanyin Ɗa'ifa. Sau biyu ko uku a sati ya isa, sauran ranakun goge-goge da tsumma mai ɗumi.

Hajiya_Misfala ta rubuta:

Barka da arziki 'yata. Ni dai ba likita ba ce amma na yi wa 'ya'yana da jikokina jego ba adadi, kuma ina so in ce kar a ga laifin mahaifiyarki. Mu yadda muka tashi muka gani, ai ba a wanke jariri a sarari. Ɗakin maijego a rufe yake, ga garwashi, ga ruwan da aka dafa tun asuba, kaka ta miƙe ƙafa ta ɗora shi a kai, kafin ka ce me ta gama ta naɗe shi a zani ta gasa masa cibiya ta miƙa wa uwarsa. Duk hikimar ai ta gudun sanyi ce, ko da bamu san sunan kitsen ba mun san sanyi na kama jariri. Abinda ya canza shine gidajen, yanzu bayi ne na tayil mai taga a sama iska na shigowa, ga mukayyif a falo. Kuma ita Makka ta saba, mu nan ko a tsakiyar hunturu fanka muke kunnawa wani lokacin, Ɗa'ifa kuwa kan dutse ce, da ka hau hanyar Hada kake jin bambanci a kunnenka da fatarka.

Ki zaunar da ita cikin ladabi ki ce mata likita tace yaron bai ƙosa ba, a jira ya yi ƙwari. Ba kakar da za ta ji haka ta ƙi. Ki bar mata gashin cibiya da shafa mai da sa kaya, kar ta ji an karɓe mata aikinta.

Anti_Nas_Madina ta rubuta:

Hajiya kin yi gaskiya wlh, Allah ya ƙara girma. Abu ɗaya kawai zan roƙa, garwashi ko gawayin turare a ɗaki rufe kar a yi, iskar da yake fitarwa bata da wari bata da launi kuma tana kisa cikin barci. Daffaya, wato hita ta lantarki, ta fi, a nesa da gadon yaro. Kuma kar tsoron sanyi yasa a lafta masa barguna har yayi gumi, shi ma haɗari ne. A taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, ba tafin hannu ba. In zafinsa ya kai 38 a wannan shekarun asibiti za a tafi ba a jira.

Mai_Hoto_Jidda ya rubuta:

Salam. Allah ya raya. Anti ta gama magana ta ɓangaren jariri, ni bari in ƙara ta ɓangaren manya da kuma yadda abin yake aiki a ciki, don ni kitsen nan ina ganinsa a kwamfuta a wajen aiki, sashen hoton PET-CT nake.

Yadda hoton yake, ana yi wa mutum allurar wani sukari mai ɗan haske na nukiliya, a bar shi ya kwanta kamar awa ɗaya, duk inda ke cin sukari da yawa a jiki zai fito baƙi a hoton, da haka ake neman ciwon daji. To wani lokacin, musamman budurwa ko matashi mara jiki da ya zauna ƙarƙashin mukayyif yana jira, sai hoton ya fito da baƙin tabo jere a gefen wuya dama da hagu, da ramin nan na saman ƙashin da ya taso daga kafaɗa zuwa ƙirji, ya gangara gefen ƙashin baya kamar an ɗiga tawada layi biyu. Ranar da na fara gani gabana ya faɗi na ɗauka ciwon ne ya bazu, sai likitan ya nuna min a ɗaya hoton cewa wajen duk kitse ne, kuma dama da hagu iri ɗaya ne sak. Shi yasa muke lulluɓe marasa lafiya da bargo mu ɗumama ɗakin kafin allura, wani sa'in likita ya rubuta ƙwayar furofaranolol wadda ke toshe saƙon noradiranalin ɗin, sai kitsen yayi shiru.

An daɗe da sanin kitsen a dabbobi, wani masani ɗan Suwizalan Conrad Gessner ya bayyana shi tun 1551 a jikin wata dabbar duwatsu mai barcin hunturu. Amma an daɗe ana ɗauka in mutum ya girma shikenan ya ɓace. Sai a 2009 bincike uku suka fito tare a mujallar New England Journal of Medicine, daga Boston ta Amurka da Maastricht ta Holan da Turku ta Finlan, duk suka nuna manya ma suna da shi yana aiki. Na Holan ɗin maza 24 suka sa a ɗaki mai sanyin 16, aka ga kitsen ya kama aiki a 23.

Me yasa yake ruwan ƙasa? Cike yake da maitokondiriya, wato ƙananan injinan da ke cikin kowace ƙwayar halitta masu juya abinci ya zama ƙarfi, su kuma suna da ƙarfe a cikinsu, ga jijiyoyin jini da yawa. A sauran jiki injin nan in ya ƙona abinci sai ya tara ƙarfin a wani abu ATP, da shi tsoka ke motsi. Amma na wannan kitsen akwai wata ƙofa a jikinsu, furotin ne sunansa UCP1, in ta buɗe ƙarfin baya taruwa, zurarewa yake ya zama zafi. Kamar ka sa mota a firi ka taka totur, mai yana ƙonewa inji yana zafi amma ko taku ɗaya bata yi ba. A mota asara ce, a jikin jariri wannan zafin shi ake nema.

To wa ke buɗe ƙofar? Noradiranalin ɗin da Anti ta faɗa. Yana sauka a bakin ƙwayar kitsen, ta fasa man da ta ajiye, man da aka fasa shi ne makamashi kuma shi ne yake buɗe UCP1. Wannan cikin mintuna ne. Tayirod kuma aikinsa na dogon zango ne. Yawancin abinda guddar ke zubowa a jini T4 ne, shi bashi da ƙarfi sosai sai an cire masa aidin ɗaya ya koma T3. Abin da ya fi burge ni, kitsen nan yana da nasa sinadarin mai yin wannan juyin a cikinsa, ana ce masa D2, kuma noradiranalin ɗin ne dai yake tada shi. Wato sanyi na kama ka, kitsen yana haɗa wa kansa T3 a cikin gida ba sai ya jira na jini ya ƙaru ba, T3 ɗin kuma ya sa a ƙera ƙarin UCP1 ya sa kitsen ya fi jin kiran noradiranalin. Noradiranalin yana ƙyasta ashana, T3 shi ya gina murhun ya jera gawayi. In babu na biyun ko an ƙyasta wutar bata kamawa da kyau, an gwada a ɓeraye, waɗanda aka cire wa D2 suna shan wuya a sanyi.

Sai dai 'yar'uwa sanyin da kike ji kafin magani ba daga kitsen nan kaɗai ba ne, tayirod duk jiki yake tafiyarwa, tsoka da hanta da zuciya duk suna rage ƙona abinci in yayi ƙasa. Shi yasa masu kishiyar ciwonki, waɗanda tasu guddar ta yi gudu da yawa, kullum cikin gumi suke suna ramewa.

Akwai wasu homon ɗin da ke sa baki, leftin da farin kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa ya gaya mata akwai ajiya, da insulin mai shigar da sukari cikin kitsen, da wanda zuciya ke fitarwa, da FGF21 na hanta, har da airisin da masu bincike a Harvard suka sanar a 2012 cewa tsoka na sakinsa in an motsa jiki. Amma noradiranalin da homon ɗin tayirod su ne ginshiƙi. Hujja mai ƙarfi a jikin mutum ita ce masu wani ƙari da ke fitowa a wata gudda daban da ke saman ƙoda mai zubo adiranalin da noradiranalin ba tsayawa, su ana samun kitsen nan ya yaɗu a jikinsu har cikin ciki.

Ɗan_Tabuka ya rubuta:

Allah ya raya mana. Malam Mai Hoto ka warware min wani abu da na daɗe ina mamaki. Ni a gona nake aiki wajen Tabuka, shekarar da na zo daga Jidda hunturun farko wlh kuka ne kawai ban yi ba, na sa farwa, babbar rigar sanyi, na sa safa biyu haƙorana na haɗuwa, nan fa har dusar ƙanƙara tana sauka a Jabal Lauz. Amma yanzu shekara ta huɗu, farkon sanyi ina wahala sati biyu haka daga nan sai in ga ina fita duba famfunan ban ruwa da asuba da jaket ɗaya kuma bana karkarwa kamar da. Na ɗauka sabo ne kawai na zuciya, ashe ko kitsen ne yake ƙaruwa?

Sannan tambaya ta biyu, maiɗakina tana fama da ƙiba da ɗan sukari, in dai kitsen nan ƙona mai yake ba wani magani da zai kunna shi? Wata maƙwabciyarmu ta ce mata ƙwayar gudda tana ramarwa, har ta ba ta sauran nata, ni na ce ta dakata tukunna.

Saidali_Riyad ya rubuta:

Ɗan'uwa na Tabuka, Allah ya saka maka da ka ce ta dakata, dan Allah ka karɓe ƙwayar nan yau ka mayar wa mai ita. Ni a saidaliyya nake, wato kantin magani, kuma wannan abu yana ci min rai, mata suna zuwa neman tairoksin, ƙwayar guddar nan, don su rame. Wanda guddarsa lafiya lau in ya sha, jikinsa ne zai koma kamar na mai guddar da ta yi gudu, bugun zuciya ya rikice, hannu na rawa, ba barci, ƙashi yana zaizayewa a hankali, abinda zai ragu a sikeli kuma har da tsoka ba kitse kaɗai ba, in ta daina ya dawo. Ko a takardar cikin kwalin an rubuta gargaɗi cewa ba a shan shi don rage ƙiba. In ana zargin gudda ne a je a yi gwajin jini na TSH, ba tsada.

Tambayarka ta farko e, akwai gaskiya a ciki. A 2013 a Holan an sa mutane a ɗaki mai sanyin 15 zuwa 16, awa 6 kullum har kwana 10, aka ga aikin kitsen ya ƙaru kuma sun rage jin sanyin. A Japan ma a shekarar an yi da sanyin 17, awa 2 kullum na sati 6. Har cikin farin kitse wasu ƙwayoyi suna rikiɗa su fara yin UCP1 in sanyin ya daɗe. To sati biyun nan naka ya yi daidai da abin da aka gani, ko da yake jijiyoyin fata da tsoka ma suna nasu sabon.

Maganin kunna shi kuwa ana nema ba a kai ba. Akwai mirabeguron, maganin yawan fitsari ne na mafitsara, yana taɓa irin ƙofar da noradiranalin ke taɓawa. A 2015 an ba maza 12 masu lafiya miligiram 200, alhali abinda muke bayarwa na mafitsara 25 zuwa 50 ne, kitsen ya kama aiki, abin da jiki ke ƙonawa ya ƙaru da kalori kusan 200 a rana, amma bugun zuciya da hawan jini suka tashi tare. Kalori 200 ɗin nan kuwa gwangwanin lemo ɗaya da 'yan dabino ya mayar da shi. Kitsen babba kaɗan ne, ba kamar na ɓera ba in aka kwatanta da girman jiki, kuma yana raguwa da shekaru da ƙiba.

Wanda nake so kowa ya ji tsoronsa shi ne DNP, hoda ce rawaya ana sayarwa a ɓoye ta intanet ga masu ɗaga ƙarfe da masu son rama. Aikin UCP1 take yi amma a duk ƙwayoyin jiki kuma ba mai rufe ƙofar, ba ƙwaƙwalwa ba homon. An sha ta a Amurka a shekarun 1930 aka hana a 1938 saboda makanta da mutuwa, har yau tana kashe matasa, zafin jiki ne yake hawa ya wuce 40 kuma babu maganin da ke karya ta.

Ta ɓangaren sukari akwai labari mai daɗi dai, wani bincike a New York da ya fito a 2021 ya duba hotunan mutum sama da dubu 52, waɗanda aka ga kitsen a jikinsu ciwon sukari ya fi ƙaranci a cikinsu. Amma wannan ba ya nufin maiɗakinka ta zauna a sanyi ta bar maganinta, tafiyar ƙafa da rage shinkafa da shayi mai sukari sun fi tabbas.

Maijego ke kuma tambaya ɗaya, an ba ki ƙwayar ƙarin jini ko kalsiyam bayan haihuwa? In e, kar ki haɗa su da maganin gudda lokaci ɗaya, suna riƙe shi a hanji ya ƙi shiga jini. Na gudda da asuba da ruwa kawai, ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kunu ko shayi da madara, su kuma sai bayan awa 4. Baya hana shayarwa. In an ƙara miki yawansa lokacin ciki to yanzu yana buƙatar gyara, ki koma wajen likitarki, kuma a sake auna TSH wajen sati 6, kusan lokacin da za ki yi arba'in kenan.

Maijego_Ɗa'ifa ta rubuta:

Ngd sosai 'yan'uwa Allah ya biya ku da aljanna, wlh har na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Malam Saidali kamar ka gani, tun da na dawo gida tare nake watsa su duka da kunun safe, na gudda da na ƙarin jini, ban sani ba, daga gobe na raba.

Baban yaro ya je ɗazu ya karɓo sakamakon dunduniyar, alhamdulillah sun ce lafiya lau. Hajiya na bi shawararki, na karanta wa Mama abinda kika rubuta da bakinki, ta yi shiru sannan tace ai ita ma ta lura jiya bayan wankan yamma leɓensa ya ɗan canza kuma ya daɗe bai kama nono ba, bata faɗa min ba ne don kar hankalina ya tashi. Mun tsayar da wanka ranar Litinin da Alhamis da azahar in rana ta buɗe, a cikin ɗaki ba a bayi ba, a kunna daffaya tukunna a jera tawul da kaya da hula a kusa. Yanzu haka yana kwance a ƙirjinta ta lulluɓe shi da mayafinta, tana ta shafa tsakanin kafaɗunsa tana tambayata wai nan ne wajen.

Anti Nas ranar Lahadi za mu koma awo, gram nawa ya kamata in sa ran ya ƙara a sati in komai na tafiya daidai?

Anti_Nas_Madina ta rubuta:

Alhamdulillah. Kar ki tsorata in kin ga bai wuce nauyin haihuwarsa ba tukunna, a kwanakin farko duk jariri yana raguwa, wajen kwana 10 zuwa 14 yake dawowa inda ya fara. Daga nan ki sa ran kamar gram 150 zuwa 200 a sati. Ki tafi masa da hula da safa da tawul ɗinki na gida ki shimfiɗa a kan sikelin kafin a ɗora shi, su cire nauyin tawul ɗin, ƙarfen nan sanyi gare shi. Ki gaida Mama.